Muhawara: Fim ɗin da da na yanzu, wanne ya fi ƙarya?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake tun daren jiya, in ban amayar da abin a nan ba yau ma da shi zan kwana. 'Ya'yan yayana ne suka zo mana hutu, na ce bari in nuna musu abin da muka tashi da shi. Na jona waya da talabijin, na sa fim ɗin Indiyan nan Sholay, na aika aka sayo gyaɗa. Jaruman fim ɗin, Jai da Veeru, ko ƙauyen Thakur da ya ɗauko su ba su isa ba, babban ya ce wai in danna gaba. Ƙaramin kuwa tun farko kansa na kan waya. Da aka zo inda mayafin Thakur ya zame aka ga ashe ba shi da hannuwa, wurin da na ga manyan maza sun yi tsit a silima, sai na ji dariya a bayana.

Magana ɗaya nake so in yi. Yaran yanzu ba su da haƙurin bin labari. Fim ɗin nan ya fito tun 1975, ya fi awa uku, ya shekara biyar ana nuna shi a silima guda a Bombay, kuma har yau in ka ce Gabbar, bos ɗin fim ɗin, kowa ya san wa kake nufi. Na yanzu fa? Babu labari, ƙarya ce zalla ta kwamfuta. Mutum na tashi sama, gari na rushewa, ka miƙe ba ka riƙe sunan kowa ba. Wanda ya ga ba haka ba ne ya fito mu yi ta.

Auta: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ƙarya? Fim ɗin Indiya za a kawo a ce na yanzu ya fi shi ƙarya? Inda akta ɗaya zai daki mutum talatin ko gashin kansa ba zai motsa ba, a harbe shi kuma ya tsaya sai ya gama wasiyya tukuna ya faɗi?

Mai Shayi: Yauwa Auta, ka riga ni. In ana maganar ƙarya Indiya ce uwa. Naushin ma tun bai isa fuska ba ka ji ƙararsa.

Baban Yara: Ku koma ku karanta abin da na rubuta. Maganar haƙuri da labari nake yi.

Mai Shayi: Mun karanta Alhaji. Ƙarya ce zalla, haka ka rubuta, ga shi nan a sama.

Ɗan Fagge: Ku yaran nan ba ku bambance ba ne. Akwai ƙaryar da mutum yake sa jikinsa ya yi, akwai wadda na'ura take zanawa yana zaune a ofis. A 1982 ana ɗaukar Coolie a Bangalore, wurin faɗa da Puneet Issar, Amitabh Bachchan ya bugu a ciki ya ji mummunan rauni. Aka kwashe shi zuwa Bombay, ya daɗe a asibiti rai a hannun Allah, Indira Gandhi da kanta ta je dubiya. Da fim ɗin ya fito a 1983 sai darakta ya tsayar da hoton cak a daidai wurin, aka rubuta a allo cewa nan ne ya ji ciwo. Har ƙarshen fim ɗin sai da aka sauya, don da an tsara zai mutu, aka ga bai dace mutumin da ya tsallake mutuwar gaske a kashe shi a fim ba. To ku faɗa mini, kwamfuta ce ta kwanta a asibitin?

Auta: Kawu don Allah a daina ce mana yara. Da aurena da 'yata.

Ɗan Fagge: Allah ya raya ta. Amma wanda bai taɓa sa biro ya juya zaren kaset da ya cushe ba, a wannan fagen yaro ne.

Auta: To in shekaru ne hujja ai sai mu yi shiru a bar muku zauren.

Injiniya: Kawu, ranka ya daɗe, hujjarka ta jiki ba ta tsaya wa na da kaɗai ba. Tom Cruise da kansa ya rataya a jikin Burj Khalifa na Dubai a fim ɗin Mission: Impossible na 2011. A na 2015 aka ɗaure shi a ƙofar jirgin soja ta waje, jirgin ya tashi da shi. Wajen ɗaukar na 2018 ya tsallaka daga rufin gini zuwa wani a Landan ya karya idon sawu, kuma wannan ɗaukar ce aka bari a fim ɗin. Mad Max na 2015 motoci na gaske aka kai hamadar Namibiya aka yi ta kifar da su. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dabara ba yau aka fara ta ba. King Kong na 1933 ɗan ƙaramin mutum-mutumi ne ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka. The Ten Commandments na 1956 an nuna teku ta dare biyu, ko shi ma za a ce da gaske suka raba ta? Abin da ya canza kayan aikin ne kawai.

Baban Yara: Injiniya kai dai duk abin da Bature ya yi daidai ne a wurinka.

Injiniya: Alhaji shekara na kawo da suna. Ka kawo naka.

Mai Shayi: Duk ku bar wannan. Fim ɗin da babu ƙarya a cikinsa ɗaya ne a duniya, Chanis. Bruce Lee ba ya buƙatar igiya ba ya buƙatar kwamfuta. Ku je ku kalli faɗansa da Chuck Norris a Way of the Dragon na 1972. Babu waƙa, babu surutu, kowa ya tuɓe riga, ya miƙe jiki, a gwabza. Da ya gama da shi ma sai ya ɗauko rigarsa da ɗamararsa ya lulluɓe gawar, ya girmama shi. Wane ɗan Indiya ne ya taɓa yi wa bos haka? Mu da muka taso a unguwa, duk yaron da ya fito daga kallon Bruce Lee sai ya samo katako biyu da sarƙar keke ya haɗa, ya fasa goshinsa da su kafin sati ya zagayo. Wannan shi ne fim ya shiga jikin mutane.

Injiniya: In jiki ne ma'auni to Jackie Chan ya fi shi nesa ba kusa ba. A Project A na 1983 ya faɗo daga hasumiyar agogo. A Police Story na 1985 ya zamo ta jikin ƙarfe mai fitilu a cikin kanti ya ƙona hannuwansa. Wajen ɗaukar Armour of God ya faɗo daga bishiya a Yugoslabiya ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa aiki. Kuma shi ba ya ɓoyewa, a ƙarshen fim yake nuna maka inda ya kuskure aka ɗauke shi a makara.

Mai Shayi: Haba Injiniya! Jackie Chan ɗin da Bruce Lee ya damƙi gashinsa ya murɗe masa wuya a Enter the Dragon, yana cikin yaran bos? Shi za ka haɗa da ubangidansa? Ɗan barkwanci ne, yana faɗa yana gudu yana yarfe hannu.

Injiniya: Wannan yarfe hannun shi ne gaskiyar. Naushi yana da zafi ga mai yin sa ma.

Mai Shayi: Da ba a kashe Bruce Lee ba da ko sunan Jackie ba za ka ji ba.

Injiniya: Wa ya kashe shi? Ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 a Hong Kong yana da shekara 32, likitoci suka ce kumburin ƙwaƙwalwa ne bayan ya sha maganin ciwon kai.

Mai Shayi: Su suka ce. Ɗansa fa? Shi ma ciwon kan ne?

Injiniya: Brandon hatsarin bindiga ne wajen ɗaukar fim a 1993, ba a duba bindigar da kyau ba. Ina hujjarka cewa kashe uban aka yi?

Mai Shayi: Kowa ya sani. Tun muna yara aka sani.

Uwargida: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karanta ku, daga naushi sai karaya sai makara. Wato a wurinku fim na gaskiya shi ne wanda aka ji ciwo a cikinsa. To in ma ciwon ne, a Mother India na 1957 wutar da aka cinna wa tarin amfanin gona ta ƙwace da gaske, Nargis na tsakiya, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita shi ma ya ƙone. A fim ɗin ɗanta ne, shekara na zagayowa suka yi aure, su suka haifi Sanjay Dutt ɗin da kuke kira Ɗan Daba Mai Lasin. Amma ba don wutar nake kawo shi ba. Matar da aka bari da 'ya'ya da bashin mai ba da rance, ta sa wuyanta a garma ta ja da kanta don babu shanu, wa a cikinmu bai san irinta a ƙauyensu ba? Mahaifiyata ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma in aka zo wurin da uwar ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta don ya sace 'yar mutane, sai ta ja gefen zani ta rufe fuska. Ku ce mini wannan ƙarya ce.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri Hajiya. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Uwargida: Tsaya tukuna Alhaji, ban gama da ku ba. Kuna ta cewa silima, silima. Mu wa ya bar mu muka je? Mace ta shiga silima a garin nan na Kano ai ta gama zubar da mutuncin gidansu. Mu sai dai a talabijin, a taru a ɗakin maƙwabta in CTV ta sa Indiya, in Nepa ta ɗauke a tsakiya shi ke nan sai wadda ta taɓa gani ta ƙarasa mana da baki. Daga baya bidiyo ya zo aka fara hayar kaset. Zamanin da kuke kuka a kansa, rabin mutanen gari a waje kuka bar su.

Ɗan Fagge: Hajiya ba ke kaɗai ba, mu ma da sata muke zuwa. A ce da kai ɗan silima a lokacin zagi ne, har aure yana hanawa. Iyayenmu ba su manta gobarar El Duniya ta 1951 ba, mutum sama da 300 suka mutu a cikinta, kuma a gari aka yi ta cewa hukuncin Allah ne. Duk da haka muka je. Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba, Wapa. Katanga ce doguwa babu rufi, sai an yi duhu za a fara, kana kallo kana ganin taurari a sama. Masu rake da masu gyaɗa suna bi layi-layi. In zaren fim ya tsinke sai fito da ihu har sai mai na'ura ya ɗaura. In akta ya shigo kuwa, kafin ya buɗe baki an riga an miƙe. Mu muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Faɗa, muka raɗa wa Govinda Sarkin Rawa. Ba wanda ya fassara mana komai, amma washegari a majalisa wani zai ba ka labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, da muryar bos da ta jaruma. Damina in ta zo ruwa ya dake ka a kan benci kana zaune ba ka tashi ba.

Auta: Kawu duk wannan daɗin silima ne, ba gaskiyar fim ba.

Malam na Zariya: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni abin da ya ba ni mamaki, manya da hankalinsu suna gardama kan wace ƙarya ta fi wata. Duk labarin da mutum ya zauna ya ƙaga, aka biya wani ya yi kuka ba abin da ya same shi, sunansa ɗaya. Fim biyu kawai nake cirewa, Ar-Risala na 1976 da na Umar Mukhtar na 1981, duka aikin Mustapha Akkad mutumin Halab, Allah ya jiƙansa. Waɗannan tarihi ne. Umar Mukhtar ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya a Libiya, suka rataye shi a 1931. A Ar-Risala kuma mutumin ya kiyaye, bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, bai sa an ji muryarsa ba.

'Yar Jos: Malam Allah ya gafarta, amma wanda ya fito a Umar Mukhtar, kuma ya fito a Sayyidina Hamza a na Turancin, Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko. Shi ma biyan sa aka yi ya sa gemu da rawani. In dokarka ce, bai tsira ba.

Malam na Zariya: 'Yata, na ce labarin ne tarihi, ban ce mutumin ba.

Injiniya: To Titanic ma tarihi ne Malam. Jirgin ya nutse a 1912, mutum sama da 1,500 suka halaka. Su Jack da Rose ne aka ƙaga. A sa shi a na uku?

Malam na Zariya: Subhanallah. Ka rasa abin da za ka jera da sirar Annabi sai wannan? Ka janye.

Injiniya: Ban jera komai da sira ba, Allah ya kiyaye. Ma'auninka na gwada.

Malam na Zariya: Ka janye dai.

Shugaban Zaure: Injiniya, a bar maganar nan haka. Malam a yi haƙuri. Dokar zaure ta hana shiga addini.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Ina ta jira in ga ko wani zai ambaci fim ɗinmu na gida, shiru. Indiya, Chanis, Amurka, kamar mu ba mu taɓa riƙe kamara ba. Mustapha Alassane ya yi fim ɗin kaboyi a Nijar tun 1966, labarin saurayin da ya dawo daga waje da akwatin huluna da bindigogi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauye suna kwaikwayon abin da suka gani a silima. Wato abin da Mai Shayi yake faɗa na sarƙar keke, mutuminmu ya riga ya yi fim a kai. Oumarou Ganda kuma ya je yaƙin Indochine a sojan Faransa, ya dawo ya yi Cabascabo a kan tsohon soja da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. Shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. In ana neman fim marar ƙarya, ga wanda ya ɗauki rayuwarsa ya sa a allo.

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙan su. Amma tsakani da Allah, wa ya kalle su? A Damagaram ɗin ma Indiya kuke kallo. In na gida ne ai muna da Shaihu Umar na 1976, littafin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mai da shi fim da Hausa tsantsa.

Ɗan Damagaram: Kawu 1966 ta girmi 1976 da shekara goma.

Ɗan Fagge: Turmin Danya a 1990 a Kano aka yi shi. Daga nan duk fim ɗin Hausa da kuke saya a kasuwarku ya fito.

Ɗan Damagaram: Kuka ɗauko rawar Indiya kuka sa mata atamfa.

Ɗan Fagge: Kuna saye dai.

'Yar Jos: Ku bari in koma kan abin da Baba ya fara faɗa, tunda an bar shi. Ya ce ba mu da haƙuri. Baba, ni da ƙawayena muna bin fim ɗin Koriya mai kashi goma sha shida, kowane kashi ya kai awa guda, muna karanta rubutun ƙasa don ba ma jin yaren. Na Turkiyya ma sun fi haka tsawo. Masu dogon zango na Hausa kuwa shekara ake yi ana bin su a YouTube mako-mako. Wanda ba shi da haƙuri ba zai yi wannan ba. Kuma labari bai mutu ba. Parasite na Koriya babu mai tashi sama a cikinsa, talakawa ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke lallaɓawa ɗaya bayan ɗaya su shige aiki gidan mai kuɗi. In ruwan sama ya sauka, ga masu gidan abin sha'awa ne, su kuma kwata ce take cika musu ɗaki. A 2020 ya ci Oscar na fim mafi kyau, na farko da ba da Turanci aka yi ba. Yaran da suka yi dariya, wataƙila Sholay ɗin ne bai kama su ba.

Mai Shayi: Koriya ai duk Chanis ne. Kin ga kin dawo layinmu.

'Yar Jos: Yaya, Koriya ƙasa ce daban da yarenta.

Injiniya: Bruce Lee ɗin naka ma a San Francisco aka haife shi a 1940, fina-finansa kuma a Hong Kong aka yi su lokacin tana hannun Ingila. Sai 1997 ta koma wa Sin.

Mai Shayi: Ko a Kurmi aka haife shi Chanis ne.

Auta: Ni fa ban ƙi Indiya ba, a fahimce ni. Baahubali na 2015 da na 2017 na kalle su da fassarar Hausa, gidanmu kaf har kakarmu sai da ta zauna. RRR waƙarsa ta ci Oscar a 2023. Cike suke da aikin kwamfuta, amma sai da duniya ta shekara biyu tana tambayar dalilin da ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa. In wannan ba labari ba ne, mene ne labari?

Baban Yara: Kada ka kawo mini maganar fassara. Murya ɗaya ta yi akta, ta yi bos, ta yi tsohuwa. Mutum na kuka a allo mai fassara yana saka barkwancinsa, yana kiran sunan unguwanni. Sun kashe fim ɗin Indiya. Kuma wannan Baahubali ma ba Indiyan da muka sani ba ne, na kudu ne, yarensu Telugu.

Uwargida: A nan kam ban bi ka ba Alhaji. Fassarar nan ce ta sa na san abin da ake cewa a finafinan da na tsufa ina kallo da ka.

Baban Yara: Abin da mai fassara ya ga dama dai kika sani Hajiya.

Injiniya: Tunda an dawo kan Sholay, bari in faɗi abin da nake ta dannewa. Ƙauye yana fama da 'yan fashi, a ɗauko mayaƙa daga waje su kare shi, wannan ƙashin labarin Seven Samurai ne na Japan, 1954. Amurka ta maimaita shi da kaboyi a 1960. Wurin da Gabbar ya zo ya kashe iyalin Thakur kuwa, duk wanda ya kalli Once Upon a Time in the West na 1968 ya san inda aka samo shi. Ƙarshen ma da kuka gani ba shi darakta ya so ba. Ya ɗauka Thakur ya kashe Gabbar, hukumar tace fim ta ƙi, aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso a kan lokaci.

Baban Yara: Wato ɓarayi ne kake nufi. Salim da Javed da suka rubuta labarin ɓarayi ne. To je ka nemo mini Basanti da keken dokinta a fim ɗin Japan ɗin. Nemo mini kwabon Jai mai fuska iri ɗaya gaba da baya, wanda Veeru bai gane ba sai da abokinsa ya mutu a hannunsa. Wallahi ranar da na fara ganin wurin nan ban iya cin abinci ba. Kai ka haddace shekaru, amma ban ga alamar fim ya taɓa taɓa maka zuciya ba.

Injiniya: Ban ce ɓarayi ba Alhaji. Kuma zuciyata ba ita ake muhawara a kai ba.

*(Shugaban Zaure ya goge saƙon Mai Shayi)*

Mai Shayi: Me na faɗa da za a goge? Don na ce Dharmendra ba zai yi minti ɗaya a gaban Bruce Lee ba?

Shugaban Zaure: Ba shi ne ba, abin da ka ƙara a ƙarshe ne. Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita wa waɗanda ba su samu bi ba.

Alhaji Baban Yara ya kawo koke mai tushe kan yadda matasa suka raina finafinan da. Kawu na Fagge ya tabbatar da hujja mai ƙarfi, ta raunin Amitabh a Coolie, cewa 'yan wasan da da jikinsu suke aiki, kuma ya ba mu tarihin silima da ya kamata a adana. Hajiya ta ƙarfafa wannan da Mother India, ta nuna cewa fim ɗin Indiya na da ya taɓa rayuwar talaka irin tamu. Auta da ya fara da musu, daga ƙarshe shi da bakinsa ya ce bai ƙi Indiya ba, kuma misalan da ya kawo duk na Indiya ne. Injiniya ya kawo shekaru da yawa, mun gode, sai dai yawancinsu na Turawa ne kuma ba su amsa maganar labari ba. Masu Chanis ba su daidaita a junansu ba, don haka babu abin ɗauka a nan. Malam ya yi mana nasiha. Abin da ya fito fili, mafi yawan zaure sun yarda cewa Indiyan da shi ne fim, na yanzu kuwa ƙaryarsa ta fi yawa. Mako mai zuwa za mu tattauna waƙoƙin Lata da Kishore Kumar.

Auta: Shugaba wane mafi yawa? Ka ƙirga mana. Kuma ni Indiyan yanzu na kawo, mai kwamfutar da Baba yake zagi.

Uwargida: An ɗauki rabin maganata an bar rabi. Ina wadda na yi kan hana mata kallo? Ina ta fassara?

'Yar Jos: Ni ko sunana bai fito ba, kuma ni kaɗai na amsa abin da aka tambaya.

Ɗan Damagaram: Mu ma haka ƙanwata. Shugaba Bakano ne, ba mu yi mamaki ba.

Shugaban Zaure: Ni mutumin Katsina ne.

Mai Shayi: Hoton da ke kan lambarka ma na Amitabh ne, kowa na gani. A mayar mini da saƙona, ko kuma mako mai zuwa a sa Bruce Lee da Jackie Chan a yi ƙuri'a a fili.

Injiniya: Na yarda da ƙuri'ar. Amma ba Shugaba ne zai ƙirga ba.